A Tambayi Garba: Tunawa da Malam Haliru na Kalgo

Ranar Talata ce, tsakiyar marka. Ina zaune a ƙofar gidana a Gwandu da hantsi, ina ɗaure ƙafar tabarau ɗina da zare, sai babur ya tsaya a gabana. Mai babur ɗin ya sauka, wandonsa duk laka, ya durƙusa ya gaishe ni. Sai da ya kwance rawanin da ya rufe fuska da shi na gane Aminu ne, ɗan garin Masama, wanda na koyar a sakandare shekaru goma sha uku da suka wuce, yanzu kuma malamin makaranta ne a Kalgo.

"Malam," ya ce, "Allah Ya yi wa Malam Haliru cikawa bayan asuba. Hajiya matarsa tac ce kada a aiko maka ta bakin direba, a zo a faɗa maka ido da ido. Bayan azahar za a kai shi."

Na yi innalillahi wa inna ilaihi raji'un, kamar yadda ya wajaba ga kowane Musulmi. Wannan shi ne abu na farko da ya fito daga bakina. Abu na biyu bai fito ba, a zuciya ya tsaya, kuma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya a kan mamaci, ba zan ɓoye shi ba. Tambayar kaina na yi: ko mutum nawa za su taru a jana'izarsa, ko kuma ranar tawa za a samu rabin rabinsu. Mutumin da na sani shekaru da yawa yana kwance ba a ko yi masa wanka ba, ni kuma ina auna kaina da shi. Haka na rayu da Haliru, tun ranar da na fara ganinsa.

Masu karanta wannan da yawa sun san shi fiye da yadda suka san ni, don haka bari in ce wani abu a kaina. Sunana Garba. Jikan alƙali ne ni a garin nan. Na yi makarantar midil, na yi kwaleji, na yi jami'a na fito da digiri a adabin Turanci lokacin da masu digiri a ƙasar Gwandu ba su cika yatsun hannu ba, aka kuma tura ni Ingila na yi shekara guda. Na ga dusar ƙanƙara da idona, na zauna a gidan wasan kwaikwayo na ji tsohon Turanci daga bakin masu shi. Haliru kuwa ɗan masunta ne daga wani ƙauye kusa da Kalgo. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi karatun littattafai a zaure, sannan ya shiga boko da girmansa, ya samu takardar koyarwa ta matsakaicin daraja. Bai taɓa wuce Zariya ba. Turancinsa na baki da nauyi yake, yara ma sukan kwaikwaye shi a bayan idonsa. A farkon shekarun tamanin aka haɗa mu a makarantar sakandare ɗaya a Gwandu, ni da shi, muna koyar da adabin Turanci, aka raba mana azuzuwa.

Ni yadda aka koya mini haka nake koyarwa. In shiga aji, in rubuta jigogin littafi a allo, in lissafa su ɗaya bayan ɗaya, yara su kwafe, su haddace, su zuba a jarrabawa. Haliru kuwa karatun zaure ya kwaso ɗungurungum ya kawo ajin Turanci. Yakan sa yaro ya karanta jimla ɗaya, sai ya ce, "Tsaya nan." Ya fassara, ya warware, ya tambayi ajin mi sunka gani, ya saurari ko da mai shirme ne har ya gama, sannan a ci gaba. Wani lokaci shafi guda sai ya cinye musu darasi biyu. Kuma duk abin da aka warware, sai ya ɗauki alƙalaminsa ya rubuta a gefen shafin da ajami, sirara-sirara, kamar yadda malamanmu ke yi wa littattafan fiƙihu sharhi. In ka buɗe littafinsa sai ka ga Turanci a tsakiya kamar tsibiri, ajami ya kewaye shi ta ko'ina.

Na yi masa dariya a ɗakin malamai, gaban mutane. Na ce, "Malam Haliru, yaushe za a yi walimar sauka? In dai haka za ku tafi, sai yaran nan sun yi gemu kafin ku kai babi na goma."

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya Garba, wanda yac ce ya gane littafi a karatu ɗaya, gaisawa kawai sunka yi." Yaya yake ce mini, ko da yake wata bakwai kacal na ba shi.

Wata maganar tasa da almajiransa har yau suke maimaitawa ita ce: "Labari jaki ne, jigo shi ne kayan da anka ɗora mashi. Kada ku tsaya yabon kunnen jaki, ku kwance buhu ku ga mi ke ciki." Wata kuma: "Bature in ka cire mashi kwat da hula, maƙwabcinka za ka tarar." Ni a lokacin ina ganin wannan raina ilimi ne. Na sha wahala kafin in shiga gidan adabin Turawa ta ƙofar gaba, ga wani yana shigar da 'ya'yan manoma ta ƙofar baya, babu ko sallama.

Littafin da ake yi wa jarrabawa a shekarun nan wani tsohon labari ne na ƙauyen Ingila. Wani mai dukiya ne yake da gona babba, maƙwabcinsa talaka kuma yana da 'yar gonar tuffa wadda ba a taɓa ganin mai albarkarta ba. Mai dukiyar ya bi ta hanyar shari'a da dabara har ya raba talakan da gonar. Da ta zama tasa, itatuwan suka daina 'ya'ya. Talakan ya koma wani gari ya mutu, aka binne shi ana ruwan sama. Mai dukiyar ya tsufa yana zagaya busassun itatuwan, bai sare su ba, bai kuma dasa wasu ba.

A kan wannan ruwan saman muka fara saɓawa a fili. A jarrabawar ƙarshen zango na tambayi yara ma'anar ruwan da aka yi ranar binne talakan. Amsar da ke cikin kowane littafin sharhi sananna ce: a adabin Turawa ruwan sama alamar baƙin ciki ne, sararin sama ne ke taya mutane kuka. Aminun nan da ya kawo mini labarin rasuwar, yana yaro a lokacin, ya rubuta cewa ruwan alamar rahama ce, marubucin yana nuna mana Allah Ya karɓi bawanSa wanda aka zalunta. Ba shi kaɗai ba, kusan duk yaran Masama da Kambaza haka suka rubuta. Na zare jan biro na soke su duka.

Haliru ya same ni da takardar Aminu a hannu. Ya ce, "Yaya Garba, yaron ga ɗan manomi ne. Tun da anka haife shi bai taɓa ganin an yi ruwa mutane sunka ɓata fuska ba. In an yi ruwa ranar jana'iza, tsohuwarsa cewa take mamaci ya dace. Kai ka je ƙasarsu, ka ga ruwan da ba ya ɗaukewa, ka san abin da ya sa suke ƙinsa. Ka faɗa musu wannan, su san idon Bature. Amma kada ka ce musu nasu idon makaho ne."

Na ce, "Masu gyaran jarrabawa ba 'yan Masama ba ne."

Ya ce, "To mu koya musu su rubuta biyun. Su ce ga yadda mai littafi ya nufa, ga kuma yadda munka gani daga nan."

Haka ya koya wa nasa ajin. Da sakamakon babbar jarrabawa ya fito, yaransa suka fi nawa, ba da kaɗan ba. Shekara ta biyu ma haka. Na fara ganin yaran ajina suna laɓewa bayan tagar ajinsa suna saurare. Wata rana na wuce na ji yana tambayarsu jigon littafin. Ni na riga na rubuta wa nawa cewa rikicin masu dukiya da talakawa ne a kan mallakar ƙasa. Shi kuwa cewa yake, "Ku duba da kyau. Mutumin ga yana da gonar da ta ninka waccan goma. Ba ƙasa yake so ba. Hannun maƙwabcinsa yake so, hannun da in ya taɓa itace sai ya yi 'ya'ya, shi kuwa ba a sayensa, alƙali ba ya yanke wa wani shi." Na tsaya a bayan bango kamar ɗaya daga cikin yaran. Shekara uku a jami'a, shekara guda a Ingila, ban taɓa ganin wannan a littafin ba, kuma da jin sa na san gaskiya ne. Da na koma gida ranar abinci bai shiga ba.

Yanzu na zo wurin da na daɗe ina zagayewa. A shekarar da kujerar shugaban sashen Turanci ta zama babu kowa, maganar da ke yawo ita ce shugaban makaranta Haliru yake so ya ba, saboda sakamakon yaransa, duk da takarduna. Ana cikin haka aka turo mai duba makarantu. Baƙo ne daga jiha mai nisa, mutum mai tsanani, bai san ajami ba, bai ma san ana rubuta Hausa da haruffan Larabci ba. Ya shiga ajin Haliru, ya ɗauki littafin da ke kan tebur, mai hatimin makaranta a bangonsa, ya buɗe ya ga rubutun nan ya cika gefe. Bai tambayi Haliru ba. Ni ya kira ofishin shugaba, don ni ne mai digiri, ya buɗe littafin a gabana ya ce: wannan mene ne, addini mutumin nan yake koyarwa a lokacin darasin Turanci, ko kuwa irin rubutun nan ne da ake yi wa yara don su ci jarrabawa?

Ni jikan alƙali ne. Na iya ajami kafin in san akwai wani abu wai shi boko. Shafin da ya buɗe yana gaban idona, na karanta abin da ke gefensa cikin numfashi ɗaya, har yau ina iya kawo shi: "A nan mai gona ya fara ƙin maƙwabcinsa, ranar da ya ɗanɗani tuffarsa ya ji daɗinta." Jimla ɗaya ta ishe ni in wanke shi. Sai na ɗaga kafaɗa, na ce masa da Turanci mai kyau, irin wanda na koyo a Ingila, ba zan iya cewa ba.

Rahoton ya tafi. Aka rubuta cewa ya ɓata kayan gwamnati, kuma ba ya bin tsarin koyarwa. Shugaban makaranta ya yi ƙoƙarin kare shi, amma an riga an ce babban malamin fannin, wato ni, bai tsaya masa ba. Kafin zango ya ƙare aka mayar da Haliru wata firamare a Kalgo, yana koya wa 'yan aji uku haruffa. Ni kuma aka ba ni kujerar.

Ranar da zai tashi ya zo gidana da ƙunshin busasshen kifi a takarda. Ya ce na gida ne, ƙanensa ya kawo. Ya ce, "Yaya Garba, ka riƙe yaran ga. Aminu shina da kai, sai dai tsoro. In ya yi shiru ka jira shi." Na jira ya yi maganar ofishin shugaba, na ma shirya amsata. Bai yi ba. Ya yi mini addu'a a kan sabon muƙami, ya sa takalmansa ya tafi. Na so a ce zagina ya yi. Da ya zage ni, da mun zama daidai.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, babu wanda ya kai wa gonar Haliru taki kamar ni. Ni na yi gaba kamar yadda takarduna suka yi alkawari: daga shugaban sashe zuwa ma'aikatar ilimi a Sakkwato, da aka yanke mana Jihar Kebbi kuma aka dawo da ni Birnin Kebbi. Na zauna a ofis ina sa hannu a takardun da ba wanda zai karanta. Yaran da na girme, na kuma fi ilimi, suka tsallake ni ɗaya bayan ɗaya saboda sun san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa, daga ƙarshe aka sallame ni da takardar godiya mai kuskure biyu a Turancinta. Na dawo Gwandu. Littattafaina suna cikin kwali, gara ta fara su. Ba na tuna ranar ƙarshe da wani ya zo ƙofata don ya tambaye ni ma'anar wani abu.

Shi kuwa da aka jefa shi firamare, sai ya buɗe zaurensa. Kowace Alhamis da Asabar bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu, a kawo littafin Turanci, a karanta jimla, ya ce tsaya nan. Da farko 'yan sakandare masu shirin jarrabawa ne suke zuwa. Daga baya malaman makaranta suka shigo, da wani ma'aikacin asibiti, da wani tela, har daga Diggi ana tahowa a kan keke. Bai taɓa karɓar ko goro a kan haka ba. Labarin yana iske ni duk inda nake. In an ce mini, "Ai abokinka na Kalgo ya zama abin kwatance," sai in ce, "Haka ne, a garin da babu dogo." Mutane su yi dariya.

Duk Sallah sai ya zo Gwandu ya gaishe ni, ko da ni ban taɓa taka Kalgo don shi ba. Kullum da littafi a aljihun rigarsa, an naɗe shi da leda. Bayan gaisuwa yakan fara laluben aljihun ya ce, "Yaya Garba, akwai wani wuri da nike so in tambaye ka." Ni kuma kullum ina da abin da ya fi: baƙi na jira, kaina na ciwo, an kusa kiran salla. Na ɗauka gwada ni yake so ya yi, ya nuna mini wani abin da ya gani wanda ban gani ba. Sai ya mayar da littafin ya ce, "To, sai wani jiƙon." Sallar layyar bara na hango shi tafe daga bakin lungu, ya rame, yana dogara sanda. Na shige gida na ce a ce masa ba na nan. Ya zauna a dakalina kusan awa guda, ina jin tarinsa ta taga. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Aminu ya goya ni a babur muka bi ta Kambaza, muka ratsa Birnin Kebbi, muka isa Kalgo ana kiran azahar. Tambayar da zuciyata ta yi da hantsi ta samu amsa tun daga bakin kasuwa. Sahun jana'iza ya cika filin ƙofar gidansa, ya malala cikin lungu. Na ga fuskokin da na koyar, sun zama manya, suna kuka a fili ba kunya, wasu suka gaishe ni da ladabi irin na wanda aka tuna sunansa da ƙyar. Muka kai shi makwancinsa. Ana cikin mayar da ƙasa hadari ya haɗo daga gabas, aka fara yayyafi, kafin a shafa fatiha ruwa ya sauko sosai. Wani tsoho kusa da ni ya ɗaga hannu ya ce, "Malam ya dace." Na juya sai muka haɗa ido da Aminu, ruwa yana bin gemunsa. Na tsaya a cikin ruwan ina tuna jan birona, ina kuma cewa a raina, har wannan ma shi aka ba.

Ranar sadakar uku Hajiya Kulu, matarsa, ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, don haka daga bayan labulen ƙofar tsakar gida ta yi magana, ni ina tsugune a soro, Aminu yana gefe. Aka turo wani akwatin ƙarfe gabana.

"Malam Garba," ta ce, "ga littattafan abokinka. Wasiyya ya bari, kai za a ba. Kuma yac ce karatun zaure bai ƙare ba, sun koma ma littafin mai gonar tuffa, saura babi huɗu. Yac ce Garba ya ƙarasa musu."

Na ce, "Hajiya, ga Aminu nan, ga almajiransa da yawa. Ni ban cancanta ba."

Ta ce, "Ni ma haka na ce mashi."

Ta ci gaba, muryarta ba ta rawa. "Kana zaton bai sani ba? Masinjan ofis yana tsaye bakin ƙofa ranar, kafin magariba labari ya iso gidanmu. Ni na ce ya kai ƙara Sakkwato. Yac ce, Kulu, Yaya Garba bai yi mani ƙarya ba, shiru ya yi, shiru kuwa mai shi yake ci. Shekara goma sha biyu ina dafa abinci da albashin firamare, ina kallonsa yana naɗe littafi a leda zai tafi Gwandu a wulaƙanta shi. Shi ya yafe maka tun ranar. Ni ban kai can ba tukuna. Ɗauki akwatinka."

Aminu ya sunkuyar da kai. Na gane bai taɓa jin maganar ba sai ranar.

Na kawo akwatin gida, na yi kwana biyu ban taɓa shi ba. Ranar da na buɗe, da safe ne bayan na karya. Littattafai ne na hannu, irin waɗanda ake saye a kasuwar Sakkwato, bangonsu an ɗinke da zare, kowane shafi ajami ya kewaye shi. Na fara karantawa da niyyar mai neman kuskure, ba zan ɓoye ba. Sai na ci karo da wasu kalmomi uku a gefen wata waƙa da ke maganar hunturun ƙasarsu: "A tambayi Garba." Na juya shafi, ga su kuma, kusa da bayanin wata al'adar cocinsu. Ga su a wurin da ake maganar gadon gida a dokarsu, ga su a gefen wani zancen masu jirgin ruwa. Duk inda iliminsa ya tsaya, bai yi kame-kame ba, bai ƙirƙiro ba, sai ya rubuta a tambayi Garba. Aminu ya gaya mini daga baya cewa haka yake faɗa a zaure ma: "Wannan sai Yaya Garba, shi ya je ƙasar, ya fi ni sani." Almajiransa sun daɗe da sanin sunana a matsayin wani babban malami na Gwandu wanda wata rana za a je a tambaya. Abin da ke cikin ledar nan ke nan, duk Sallah. Kuma mafi yawan tambayoyin na san amsarsu. Minti biyar da sun isa.

Na ɗauko littafin mai gonar tuffa na buɗe babin ƙarshe, inda tsohon yake zagaya busassun itatuwa. A gefe Haliru ya rubuta: "Don mi bai sare su ba, tunda ba su 'ya'ya? Don mi yake zuwa kullum yana dubansu? Na yi shekaru ban gane wannan ba. A tambayi Garba." Na daɗe a kan shafin nan. Ban sani ba ko don na je Ingila ya rubuta sunana a nan, ko don ya san wane ne mai gonar. Na fi zaton da zuciya ɗaya ya rubuta, domin mutumin da bai taɓa hassada ba, ta ina zai gane ta. Wannan ma na ji ƙyashinsa.

Alhamis da ta wuce na je Kalgo. Zauren ya cika, an shimfiɗa buzunsa an bar mini. Ban zauna a kai ba, na zauna a tabarma kusa da shi. Na ce kafin a buɗe littafi akwai abin da ya kamata su sani game da wanda aka ce ya ƙarasa musu, in sun ji kuma suka ce in tashi, zan tashi. Na faɗa musu maganar ofishin shugaba kamar yadda na rubuta ta a nan, da maganar Sallar bara. Telan nan ya miƙe, ya sa takalmansa ya fita, wasu biyu suka bi shi, ban kuma ga laifinsu ba. Sauran suka ci gaba da zamansu. Daga nan Aminu, yaron da na soke wa amsa, ya jawo littafin Haliru ya buɗe babin ƙarshe ya ajiye a gabana. Ya ce, "Malam yac ce a tambaye ka. To, muna tambaya. Don mi bai sare itatuwan ba?"

Na ce, "Domin su kaɗai suka rage masa na maƙwabcin. Duk rayuwarsa da mutumin nan yake auna kansa. In ya sare su, ba shi da sauran wanda zai duba ya san ko shi wane ne."

Aminu ya ɗauki alƙalami ya rubuta a ƙarƙashin rubutun malaminsa, da ajami. Sannan ya ce wa na kusa da shi ya koma inda Malam ya tsaya musu ya karanta jimla ta gaba. Yanzu saura babi uku da rabi.

Ya Allah, ga bawanKa Haliru ya zo gare Ka, Ka fi mu sanin abin da ya shuka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa ruwan da ya sauka ranar da muka rufe shi ya zama yadda 'yan Masama suka fassara. Ka sa kowane harafi da ya rubuta a gefen shafi, da kowane yaro da ya jira har ya yi magana, su zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Hajiya Kulu haƙurin rashinsa, Ka saka mata da shekarun da ta ɗauka ba da laifinta ba, in kuma Ka ga dama Ka sanyaya zuciyarta a kaina, ba don na cancanta ba. Ka raya 'ya'yansa da jikokinsa a kan halinsa, Ka rufa musu asiri, Ka sa albarka a zauren da ya bari. Ni kuma da na yi ƙyashin ajinsa, da zaurensa, da sahun jana'izarsa, yau ina ƙyashin sauƙin da zai tarar a gabanKa. Ka cire mini wannan ciwo kafin tawa ta zo, Ka haɗa ni da shi inda zan iya zama in amsa masa sauran tambayoyinsa. Amin.